Abin da Layar Ta Rufe

Ɗantala ya kori direbansa Ishaku a tsakiyar tashar Dogon Dutsi, a gaban 'yan kamasho da mata masu tuyar ƙosai. Sau biyu ya kira shi ɓarawo. Ishaku ya ajiye makulli a kan kapon motar, ya ciro butarsa daga bayan kujera, ya tafi. Shekara goma sha tara yana tuƙa masa ita.

Motar ce ta jawo. Tsohuwar bashe ce, a-kori-kura mai jigilar mutane da buhuna daga Dogon Dutsi zuwa Geceme, sai ta koyi ɗauke wuta. Ana cikin tafiya fitilun tablo na gaban direba su mutu, inji ya yi shiru, ko ham ba ya yi. A zauna a bakin hanya, wani lokaci minti biyar, wani lokaci awa guda, sannan a murɗa makulli ta tashi kamar ba ita ba. An canza fizibil, wato fis ɗin wuta. An kwance alternata an mayar. An sayi batiri sabo dal. Kwana tara lafiya, ran na goma ta sake.

In Ɗantala ya karɓa ya zaga da ita a kwaltar cikin gari, ba ta yin komai. A hannun Ishaku kawai take mutuwa. Wani mai gyara ya ce masa akwai direbobin da ke sayar da sabon batiri su wanke tsoho su sa a madadinsa. Maganar ta zauna masa a rai. Dama Ishaku ya riga ya ɓata masa, ranar da ya ce wuri ɗaya ne ya rage ba a duba ba, ya nuna wata laya da yatsa.

Layar tana ɗaure a jikin kakkaurar wayar da ta fito daga batiri ta kama ƙarfen motar, wadda masu gyara ke kira mas. Marigayiya uwar Ɗantala ce ta karɓo ta a Matankari, a wajen wani tsoho mai iskoki, a shekarar da ya sayi motar. Ta ce a ɗaura a jijiyar mota, kada hannun kowa ya kwance. Shi ya ga wannan wayar ta fi kama da jijiya, ya naɗe ta da fatar layar tam. Tun daga nan motar ba ta taɓa faɗuwa ba. Duk mai gyaran da ya buɗe kapo, abu na farko da yake ji shi ne kada ya kai hannu can.

Mako uku bayan korar, ranar kasuwar Geceme, Ɗantala ya ɗauki lodi da kansa. Shekarunsa saba'in da ɗoriya, gwiwarsa ba ta son kuloci, amma bai ba kowa makullin ba. Suka bar kwalta suka hau burji mai gargada. Ba su kai Tibiri ba, da hantsi, tablo ya yi duhu. Motar ta gangara kaɗan ta tsaya kusa da wata gonar gero.

Fasinjoji suka sauka suka nemi inuwar gawo. Wata Bafulatana mai suna Hure, da ta saba hawa motar da ƙoren nononta, ta leƙo ta taga ta tambaye shi, cikin murya mai sanyi, ko yau wa ya sace batirin. Mutane suka yi dariya a ciki-ciki. Ɗantala ya sauko. Ya buɗe kapo ya tsaya yana kallon inji, ya rufe da ƙarfi. Da ya koma ya murɗa, ta tashi.

A Tibiri ya sauke mutane ya sa su a wata motar, ya nemi mai gyaran wutar mota. Aka nuna masa rumfar Mukhtar, saurayi mai gemu da ɗangalallen wando. Mukhtar ya saurara har ƙarshe, ya tambayi ko a kwalta take yi ko a gargada. Ba wanda ya taɓa yi wa Ɗantala wannan tambayar. Ya ce a gargada.

Mukhtar ya fara da batirin. Ya ciro shi ya gwada, ya ce lafiyarsa ƙalau. Yana juya shi zai mayar, Ɗantala ya ga zane uku a gefen da ke jingine da ƙarfe. Shi ya yi su da ƙusa a ranar da ya saye shi, irin shedar da yake yi wa tumakinsa a kunne. Ya manta da su. Ko kuma bai so ya tuna ba.

Daga nan Mukhtar ya ɗauko ƙwan fitila mai waya biyu, ya maƙala ɗaya a kan batiri, ɗaya a jikin motar. Ƙwan ya kama. Ya shiga bin wayoyi ɗaya bayan ɗaya, yana girgiza kowace yana kallon hasken. Ba abin da ya motsa. Ya rage guda. Ya riƙe ta nesa da layar ya ɗan ja. Ƙwan ya mutu. Ya saki, ya kama. Ya sake ja, ya mutu.

"Baba, cutar tana ƙarƙashin abin nan," in ji Mukhtar. "Ni ba wa'azi zan yi maka ba. Amma in ba a kwance ba, sai dai ka tafi da ita haka."

Ɗantala ya ce ya ja da baya. Ya zaro wuƙarsa daga kube, ya yi bisimilla, ya yanke igiyar da kansa. Fatar ta bushe ta yi baƙi, sai da ya ɓamɓare ta. Wani gari kore-kore ya zubo masa a tafin hannu. Shekara da shekaru fatar tana shan ruwan batiri da damina tana riƙewa, har ta cinye wayar. Silin tagulla huɗu suka rage, su ma a tsinke, suna taɓa juna kawai. A kwalta suna zaune lafiya. In mota ta hau gargada sai su rabu.

Mukhtar ya yanko sabuwar waya ya ɗaura. Aikin bai kai tsawon sallar Azahar ba. Ɗantala ya sa layar a aljihu, ya roƙi tsohuwar wayar ma.

Ishaku ɗan wani ƙauye ne a bayan Tibiri, can ya koma. Ɗantala ya bi hanyar da gudu yana faɗawa ramuka da gangan, motar ba ta ko ƙifta ba. Da La'asar ya same shi a gona yana loda dammunan gero a amalanken shanu. Ishaku ya rame. Ya ji ƙarar injin tun daga nesa, ya san ta, bai juyo ba sai da aka kashe ta.

Suka gaisa, gaisuwa cikakkiya, gida da iyali da gajiya. Ishaku bai ce Maigida ba ko sau ɗaya. Ɗantala ya miƙa masa wayar. Ishaku ya karɓa, ya murza koren garin da babban yatsa, ya duba inda fatar ta bar sawu. Bai ce ai na faɗa ba. Da ya faɗa, da Ɗantala ya fi jin sauƙi.

Ɗantala ya ce mota ta gyaru, batirin ma shi ne wanda ya saya. Ya ce gwiwarsa ba ta iya hanyar nan. Ya ciro makulli ya ɗora a kan amalanken, ya ce jibi akwai lodin wake.

Ishaku ya ce ɗiyarsa Shatu ta daina zuwa rijiya da safe, sai rana ta take lokacin da ba kowa, domin akwai sunan da 'yan mata suka laƙa mata. Ya ce a tasha aka kira shi ɓarawo, mutum ya fi hamsin a wurin. Yanzu kuma ga shi ana wanke shi a gona, shaidu sa biyu ne da jaki.

Ɗantala ya dubi ƙasa. A rayuwarsa bai taɓa ba ɗan Adam haƙuri ba, bakinsa bai san inda ake farawa ba. Layar na masa nauyi a aljihu.

"Ran Juma'a zan tsaya a tashar," ya ce. "Inda na faɗa, nan zan janye."

"Ka tsaya," in ji Ishaku. "Shatu na buƙata."

Ya ɗauki makullin ya sa masa a hannu tare da wayar, ya naɗe masa yatsu a kai. Ya sunkuya ya ɗaga wani damin.

"Amma motarka, Ɗantala, ba ni ƙara hawa."