Injin da Baba Ya Zaɓa

Ina cikin ɗinkin hannun wata riga na ji gudumar ta faɗi. Ba irin ƙarar da na saba ji ba ce, ta ƙarfe a kan ƙarfe. Wannan a siminti ta sauka, ta yi tsalle, sai shiru. Bango ɗaya ne tsakanin shagona na ɗinki da garejin Baba Bakanike, har na saba taka keken ɗinki daidai da bugun gudumarsa. Na yar da rigar na fita ko takalmi ban sa ba.

Na same shi zaune a ƙasa, ya jingina da ƙafar tebur, hannunsa a ƙirji. Sandar sitiyarin wata tarakta na kan maƙera, jan wutar tsakiyarta yana dusashewa. 'Yarsa Auta ta durƙusa gabansa, gilashin walda a goshinta.

"Baba, yi min magana mana!"

"Ke, buga sandar nan kafin ta huce," ya ce, numfashinsa na sarƙewa. Sai ya hango ni. "Tela, ke ma kallo kika zo? Hutawa nake yi."

A asibiti ba su kira shi hutu ba. Likita ya ce zuciyar ta gaji, ya kuma raba shi da guduma har abada.

Cikin 'ya'yansa Auta ce kaɗai ta bi sana'ar. Ta yi aure, ta haihu, furfura ta fara leƙo mata, amma har yanzu Auta ce a bakin kowa. Aikinsu na mutum biyu ne: ita ta riƙe ƙarfen ta gasa shi da wutar gas, shi ya buga. Da damina ta kama, manoma sukan cika ƙofar da sanduna da hannayen garma da suka lanƙwashe a dutse ko kututture. Ta daɗe tana roƙonsa su sayi injin matsa ƙarfe, wanda yake miƙe sanda ba tare da duka ba. Shi kuwa amsarsa ɗaya ce: "Abin da ba ya jin kukan ƙarfe me ya sani?"

Bayan an sallamo shi, yayyenta maza suka fara bugo waya daga garuruwan da suke aiki, suna cewa a rufe garejin a ba da haya. Auta kuwa ba ta rufe ba. Takan buɗe da safe, ta gasa ƙarfen, ta ajiye wutar, ta ɗauki guduma, kafin ta yi bugu uku ya huce. Ina jin ta ta bango, bugun yana ɗingishi. Baba na zaune a kujerar roba daga bakin ƙofa, yana kallonta.

Wata safiya ya leƙo shagona yana dafa bango.

"Tela, rufe shagon nan. Za ki raka mu kasuwa, ki zama sandata. Za mu je mu ga wannan dodon da Auta take so."

Shagon injuna dogo ne, yana warin man giris da sabon fenti. Injunan matsar suna jere a jikin bango, kowanne kamar ƙofar ƙarfe da ba ta da ɗaki, da jak irin na ɗaga mota a samansa yana kallon ƙasa. Baba ya rataya a kafaɗata muna bi ɗaya bayan ɗaya. Mai shagon, wani mutum mai fara'a, ya kawo masa kujera, ya ƙi zama.

Ya shafa waldar na farko da ɗan yatsa. "Wannan ai ƙwai zai fasa, ba ƙarfe ba." A na biyu ya sa Auta ta ware hannuwanta tsakanin ƙafafun injin. "Ya yi matsi. Ina za ki kwantar da gindin garma a nan?" Ya tambayi mai shagon ƙarfin kowanne, ya sa aka zare kusoshin da ke riƙe da teburin wani aka sauke shi ƙasa aka ɗaga, ya ƙwanƙwasa gilashin agogon da ke nuna nauyin matsa.

Auta ta tsaya gaban wani shuɗi mai doguwar sandar famfo, wanda da hannu ake tuƙa shi.

"Baba, ga naka. Wannan da hannu ne, mutum zai ji ƙarfen yana amsawa."

"Tuƙa shi mu gani."

Ta kama sandar ta fara ja sama da ƙasa. Jak ɗin yana saukowa kamar ba ya so. Ta ci gaba da ja, sai na ga ta cije leɓe.

"Ya isa," in ji Baba. Ya juya ga mai shagon. "Ɗana, wancan jan mai aiki da lantarki fa?"

"Wannan da wuta yake sauka, Baba, maɓalli kawai za a danna. Ga kuma ƙaramin hannu a gefe, na lallaɓawa a ƙarshe, ko in an ɗauke wuta."

"Shi za mu ɗauka."

Auta ta zaro ido. "Kai da ka ce inji ba ya ji?"

"Na ce." Ya ja numfashi da ƙyar. "Kina tsammani ban ga yadda kike murza kafaɗar nan in kin juya min baya ba? Ni na ba ƙarfe tawa, ya cinye. Ba zan ba shi taki ba."

Ta sunkuyar da kai tana gyara ɗankwalin da bai kwance ba. Mai shagon ya shiga neman wani abu a aljihunsa. Ni kuma na ji hannun Baba ya ƙara nauyi a kafaɗata.

"Tela, in za ki yi kuka ki bari mu fita waje, kada ya ƙara mana kuɗi."

Da aka kawo injin, sai da maza huɗu suka shigar da shi. Rannan har ni aka kira. Auta ta mirgina wata lanƙwasasshiyar sanda a kan tebur, ta sa alli inda ta yi tozo, ta ɗora ta kan ƙarafa biyu. Ta danna maɓalli, jak ya sauko da ɗan gurnani ya tsaya a kan allin. Daga nan ta kama ƙaramin hannun.

"A hankali," in ji Baba daga kujerarsa. "In ta miƙe kada ki tsaya, wuce da ita kaɗan. Za ta dawo da kanta in kin sake ta."

Ta saki. Ta sake mirgina sandar, ta tafi sumul har ƙarshen teburin. Baba ya sa aka kawo masa ita, ya rufe ido ɗaya ya leƙa tsawonta.

"Ba laifi," ya ce. "Ga shi ko zufa bai yi ba, ɗan banza."

Daga nan kullum yana bakin ƙofar, sai dai maganarsa na raguwa, rigunansa na yi masa yawa. Ya ba ni ɗaya in rage masa.

Ranar da na gama ta, da la'asar, na kai masa. Auta na gaban injin ta juya baya, tana lallaɓa wani hannun garma. Baba ya kwantar da kai a jikin ƙofa, bakinsa a ɗan buɗe, hularsa ta zamo kan ido ɗaya.

"Baba, ga rigarka."

Na taɓa hannunsa. Da sauran ɗumi, amma babu kowa a ciki.

"Auta," na ce.

Ta waiwayo, ta dube ni, ta dube shi. Ta kashe injin, ta goge hannuwanta da tsumma sosai, yatsa bayan yatsa, sannan ta zo ta durƙusa ta gyara masa hular. Ta ɗora goshinta a gwiwarsa. Ni na shimfiɗa rigar a ƙirjinsa, don ban san inda zan ajiye ta ba.

Muna haka wani manomi ya shigo layin, da doguwar sanda lanƙwasasshiya a kafaɗarsa, yana ɗaga murya tun daga nesa. "Baba, yau ma dutsen nan ya..." Ya iso ƙofa ya gan mu. Ya tsaya. Sai ya sauke sandar da hannu biyu, a hankali, ya kwantar da ita a gefen bango yadda ba za ta yi ƙara ba.