Saniyar da Ta Kai Malam Zariya

Shekara ta biyu da Nasara suka kafa bariki a Dakoro, Malam Zakariya'u ya cinye duk littattafan da ke garin, ya koma yana maimai kamar akuya da tuƙa. Malaminsa na Kornaka, tsoho mai gaskiya, ya ce masa abin da ke tulunsa ya juye masa kaf. In yana son fiƙihu mai zurfi da ilimin rabon gado, sai Zariya, can ƙasar da Ingilishi ke mulki, kuma ba zaman wata uku ba ne. A ƙalla shekara uku.

To, so ba ya kai mutum Zariya. Akwai kuɗin mota daga Maradi, akwai na jirgi daga Kano, ga takarda, ga littattafai masu tsada. Kumandan na bariki kuma ba ya sa hannu a takardar hanya sai an biya lanho, wato harajin Nasara. Bayan wannan duka akwai matarsa Balkisu da ƴaƴa biyu, waɗanda ba za su ci karatu ba. Abin da ya mallaka rumbun hatsi ɗaya ne da buhunan gujiya ƴan kaɗan. In ya sayar da gujiyar ya yi guzuri, gida ya zauna ba cefane. In ya bar ta, shi ya zauna. Maƙwabta sun yi alkawarin gayya a gonarsa duk damina, Allah ya saka musu, amma gayya ba ta biyan mota.

Wata safiya ya je rijiya ban ruwan jakinsa, ya tarar da Boɗejo, wani dattijon Bafillace da ke kiwo wajajen Azagor. Sun saba, don Malam ne ya raɗa wa jikokinsa biyu suna. Boɗejo ya ji zancen tafiyar, kamar yadda kowa ya ji.

"Modibbo, an ce za ka koyo rabon gado."

"Ana dai so, Baffa. Hali ne babu."

Tsohon ya daɗe yana kallon shanunsa suna sha. Can ya ce da ubansu ya rasu, shanu ɗari da wani abu ya bari, aka rasa mai ilimin raba su a duk ƙasar nan. Kowa ya raba da ƙarfinsa. Shekara talatin ke nan, shi da ƙanensa ko a rijiya suka haɗu, kowa gefensa yake shayarwa. Yana gama faɗa ya shiga garke, ya jawo wata jar saniya mai dogon ƙaho, cikinta ya fito sosai, ya ɗaura mata igiya, ya danƙa wa Malam a gaban duk masu ban ruwa.

"Habbanaye ce," in ji shi.

Malam Zakariya'u ɗan manoma ne, jikan manoma, daga gulbin Maradi iyayensa suka hauro. Bai san mene ne habbanaye ba. Sai dai kun san halin malamai, a ce musu "ka sani?" a bainar jama'a su ce a'a, abu ne mai wuya. Ya gyaɗa kai kamar wanda ya karanta babin tun yana yaro, ya yi addu'a doguwa, ya ja saniya gida zuciyarsa fari ƙal. A ransa sadaka ce aka yi wa ilimi, kuma tun a hanya ya gama kashe kuɗinta.

Ran kasuwa ya kai ta kara. Dillali na farko ya zo, ya dubi tsagar kunnenta, ya dubi Malam, ya ce ana kiransa can. Na biyu ko taɓa ta bai yi ba. Rana ta take, an sayar da shanu guragu da masu ƙaho ɗaya, saniyar Malam mai sheƙi ba wanda ya taya ko da wasa. Ransa ya fara ɓaci. Daga nan Agali ya iso, Buzu ne, babban dillalin raƙuma, mutum mai tsokana, rawaninsa har hanci amma idonsa kaɗai ya isa ka san dariya yake yi.

"Malam, mi kake yi nan da saniyar Boɗejo?"

"Tawa ce. Shi ya ba ni."

"Ya ba ka, ko ya ɗaura maka?" Agali ya tsuguna a inuwar saniyar. "Zauna in yi maka karatu yau, ko ba ka biya ni ba. Habbanaye ba a saida ta, ba a yanka ta, ba a ɗaga mata sanda. Tana zama hannunka har ta haihu sau uku. Nono naka, ɗiyan naka. In ta yi na ukun, kai da aka danƙa wa igiya, kai za ka maida ta da ƙafarka, ba aike ba. Duk kasuwar nan an san an ɗaura maka ita bakin rijiya. Wanda ya saye ta, ba Bafillacen da zai ƙara kawo mishi ko akuya."

Kunya ta rufe Malam har kunnuwansa suka yi zafi. Ya tambayi Agali ko Boɗejo zai ji labari. Agali ya ce Boɗejo ya riga ya ji, tun da hantsi, kuma an ce ya yi dariya har sandarsa ta faɗi.

Haka ya jawo saniya ya komo gida, ita tana tafiyarta a natse, shi yana jan ƙafa. Gaskiya ya ji haushi. Mutum yana neman abin hawa mota, an ba shi baki na biyar da zai ciyar. Ya ɗaure ta a gindin aduwa, ya kwashe duka ya faɗa wa Balkisu, har da dariyar.

Balkisu tana surfe. Ba ta tsaya ba sai da ya kai aya, sannan ta jingine taɓarya ta je ta zagaya saniyar, ta leƙa hantsarta.

"Malam, wagga ko wata guda ba za ta ƙara ba."

"To sai me?"

"Sai nono. Sai mai." Ta share hannu da zane. "Matan gardawa, masu gadin bariki, kullum suna neman man shanu, har gida suke bi. Ni da ɗiya mu sha, in kaɗa saura in saida. Cefane ya fita, lanho ya fita. Hatsi na rumbu. To gujiyar da kake tsaro dominmu, wa kake aje wa ita? Kai ta kanti ka tahi."

Malam ya dubi matarsa. Shi da ya yi shekara goma yana warware mas'aloli, wannan ƴar ƙaramar ta gagare shi, mai taɓarya ta warware ta a tsaye. Ya ce, "Kin iya tatsa?" Ta ce ba ta iya ba, amma shi ma ai bai iya rabon gado ba, ga shi zai tafi.

Kwana ashirin saniya ta haifi maraƙi. Malam ya sayar da gujiya, ya biya lanho, Kumandan ya buga hatimi, ya bi ayarin jakuna zuwa Maradi.

Zaman Zariya ya yi masa daɗi, ba sai an ɓoye ba. Ya zauna a zauren wani babban malami, yana ɗinkin hula yana cin abinci, da safe fiƙihu, da la'asar lissafin gado. Wasiƙar Balkisu takan zo bi da bi a hannun fatake, wani maƙwabci ne ke rubuta mata, kuma rabinta labarin saniya ne. Ta harbe ƙwarya sau biyu kafin su saba. An yaye maraƙi. An sayar da shi da ya zama ɗan bijimi, ga kuɗin nan a ƙulle, a sayi littafin da ake ta kuka a kansa. Ta haifi ta biyu, karsana, wannan kam ba mai taɓa ta. Sai a ƙarshe, in takarda ta rage, a ce yara suna gaisuwa.

Shekara uku ta zama huɗu, don saniyar ta yi jinkirin ɗaukar ciki na uku, Malam kuwa bai yi mata fushi ba ko kaɗan. A shekara ta huɗun malaminsa ya ba shi izini, ya kuma ce ya zauna ya riƙa karantar da na baya, za a ba shi ɗaki, ya aika a kawo iyalinsa. Da yawa daga ƴan arewa da suka zo karatu haka suka zauna, garuruwansu ba su ƙara ganinsu ba. Malam ya kwana biyu yana juya abin, kuma ransa ya so. Ana cikin haka wasiƙa ta iso, gajeriya: ta haihu na uku, namiji.

Ya je ya durƙusa gaban malaminsa ya ce akwai igiyar da aka danƙa masa, ba a aikawa da ita.

Ya koma Dakoro. Bayan an yaye maraƙin, ya ja jar saniya ya nufi Azagor, littattafansa biyu a gafaka don bai saba rabuwa da su ba. Kwana biyu yana tafiya yana shirya godiyar da zai yi, da yadda zai ba da labarin kasuwa da bakinsa, su yi dariya tare. Da ya isa rugar, wani magidanci ya taro shi, Juli, babban ɗan Boɗejo. Ya karɓi igiya, ya shafa bayan saniyar tun daga tozo har wutsiya, bai ga tabon sanda ko ɗaya ba. Sannan ya ce Baffa ya rasu wata bakwai da suka wuce.

Malam ya zauna a ƙasa. Ya yi kuka, bai ji kunyar kowa ba.

Da ya natsa, ya lura da garken. Shanu ne jingim wuri ɗaya, ba a ware ko ɗaya ba. Ƴaƴan mamacin maza da mata sun fara taruwa, da matansa biyu, har da wani tsoho mai kama da Boɗejo sak, wanda ya rakuɓe can gefe.

"Wata bakwai ba ku raba ba?"

"Baffa ya hana," in ji Juli. "Ya ce dukiyarshi ba ta cika ba sai jar saniya ta komo. Ya ce kada wanda ya taɓa ko maraƙi, mu jira. Wanda ya kawo ta, shi zai raba."

Aka shimfiɗa masa tabarma a inuwa, aka ajiye ƙwaryar nono. Malam Zakariya'u ya share ido da bakin rawani, ya kwance gafaka, ya share ƙasa da tafin hannu don lissafi. Ya dubi tsohon da ke gefe ya ce ya matso kusa, ana son shaida. Tsohon ya taso.

"Bismillahi," in ji Malam. "Ku faɗa mini su wa ya bari."