Harafin da Aku Ya Haɗiye

Ban san wanda ya roƙe su gyara ba. Na kashe kwamfutata lafiya lau, na kunna da safe, sai na tarar manhajar imel ta sabunta kanta, ta kwashe komai daga inda na san shi ta watsa inda ta ga dama. Mai ido zai ce an ƙara mata kyau. Ni kuwa kamar an shigo ɗakina ina barci an juya gado, an ajiye kujera a bakin ƙofa, sannan a ce in tashi in yi godiya. Kuma a rasa ranar da za a yi mini wannan aika-aika sai ranar da nake jiran saƙon Yaya.

Tun da idona ya tafi, Aku ne ke karanta mini abin da ke kan allo. Murya ce a cikin kwamfutar, ni na raɗa masa sunan, don ba ya gajiya da surutu kuma bai san ma'anar ko kalma ɗaya daga abin da yake faɗa ba. Da Turanci aka yi shi. In ya zo kan Hausa sai ya riƙa tauna ta kamar mai cin tsakuwa, amma na saba da bakinsa. Babban aibinsa haruffa masu lanƙwasa, ba ya furta su, haɗiye su yake yi. A wurinsa ɗaki aki ne, ƙofa ofa ce, 'yata Ƙyalƙyal kuwa, da muke kiranta haka saboda dariyarta, ya mayar da ita Yalyal. Mutane da yawa ba sa wahalar sa lanƙwasar in suna rubutu, su Aku ke karantawa daidai. Yaya kuwa ba ya barin ko ɗaya, shi komai sai ya yi shi bisa ƙa'ida.

Za ka ce me ya hana Yaya ya kira ni a waya. To, Yaya ya ƙare ƙuruciyarsa a ɗakin injina na masaƙa, kunnensa ya tafi a can. In muka yi waya ni ina gabas shi yana yamma. Ni ba ido, shi ba kunne, 'ya'yan mace ɗaya, sai muka haɗu a imel.

Shi na aika wurin Baffan Ƙyalƙyal, wan marigayi mijina. Lokacin da idona ya rufe, Baffa ya zo ya ɗauki yarinyar, ya ce ta zauna a gidansa har in samu kaina. Na samu kaina. Na koyi girki ba ƙuna, na koyi hanya da sanda, na je cibiyar makafi na koyi sarrafa kwamfuta da kibod kaɗai ba linzami, yanzu har aiki nake yi a gida, ana turo mini hirar da aka naɗa ina mayar da ita rubutu. Amma duk lokacin da na ta da maganar, amsarsa ɗaya ce: "Wadda ba ta iya karanta takardar makaranta, yaya za ta riƙe 'yar makaranta?" Ni da na yi sakatariyar makaranta tun kafin ya san inda ake sa hannu a takardar. Hutu ya kusa ƙarewa, in ba a dawo mini da ita yanzu ba, wata shekarar ta tafi ke nan.

Na ɗora yatsuna a kan kibod, na lalubo 'yan ƙurajen nan biyu da ke nuna mini tsakiya, na danna Tab, maɓallin da ke tsallaka da ni daga wuri zuwa wuri. A da, in na danna kaɗan na faɗa cikin akwatin saƙo. Yau Aku ya ce, da Turancinsa, "Maɓalli."

Na sake dannawa.

"Maɓalli."

"Maɓallin me?" na ce masa.

"Maɓalli."

Sun jera abubuwa ba su ba ko ɗaya suna ba. Hoto suka zana a kai, wai kowa ya gani ya gane. Na daure na danna Enta a kan ɗaya, sai ga ni cikin kalanda, Aku yana lissafa mini ranakun wata kamar na tambaye shi. Na fita da ƙyar. Na gwada wani, wata taga ta buɗe a kan allo tana tambaya ko ina jin daɗin sabon tsarin, in zaɓi tauraro. Da tana da wuya da na shaƙe ta. Na danna maɓallin tserewa, ta ƙi tafiya. Na zagaya cikinta ina neman ƙofa, ina dawowa inda na fara, ga tauraro, ga tauraro, ga tauraro.

Ina cikin haka na ji keken ɗinkin maƙwabciyata ya tsaya. Bango ɗaya ya raba mu, duk tsakin da na ja a kunnenta yake sauka. Ta leƙo ta taga.

"Maman Ƙyalƙyal, lafiya kike faɗa da mijin naki tun da safe?"

"Wane miji? Miji ai yana jin magana wata rana."

"Kawo in duba miki. Ai ga shi nan ina hango wani ɗan kuros na rufewa a sama, danna shi kawai za a yi."

"Bar shi, Mai Ɗinki."

"Ke dai da taurin kai. Minti nawa ne?"

"In kika danna mini yau, gobe Baffa ya yi gaskiya."

Ta san zancen. Ta ce Allah ya ba da sa'a, ta koma kan kekenta. Ni ma na san taurin kai ne, amma shi ya kawo ni inda nake, ba zan sallame shi yau ba.

Na rufe manhajar gaba ɗaya na sake buɗewa. Tagar taurari ta tafi. Wannan karon na bi a hankali, ina danna Tab ina saurare, ina haddace sabuwar hanyar kamar yadda na haddace hanyar kasuwa. Na wuce wurin bincike, na wuce talla, na wuce wasu maɓallan marasa suna, har Aku ya ce akwatin saƙo. Na sauka da kibiyar ƙasa. Saƙon masu ba ni aiki, saƙon kamfanin wuta, wani yana tallan tabarau, Allah ya shirye shi. Sai na ji sunan Yaya. Na danna Enta.

Aku ya karanta a guje, yadda na saita shi: "Anwata, na same shi. Mun da e muna magana. Abin nan ya yi. Zan shigo mu zauna."

Abin nan ya yi. Ban bari ya kai ƙarshen sa hannun ba na miƙe, kujera ta faɗi a bayana. Na yi hamdala, na yi kuka, na sake yin hamdala. Na lalubo 'yar wayata mai maɓalli na kira lambar matar Baffa. Ƙyalƙyal ce ta ɗauka, ta ce matar Baffa tana wanka.

"'Yar Mama, Baffanki ya yarda. Gida za ki dawo."

Ta ce a hankali, "Da gaske, Mama?"

"Na taɓa yi miki ƙarya? Kawunki ya rubuto mini yanzun nan. Ki fara haɗa kayanki."

Sai ga dariyar nan tata, wadda na daɗe ban ji ba. Ta tambaya ko gadonta yana nan, ko za ta koma tsohuwar makarantarta, ko ta taho da 'yar shukar da ta dasa a gwangwani. Na ce ta taho da komai, har gwangwanin.

Na buga wa Mai Ɗinki bango. Ta shigo da allura a baki, na gane daga yadda maganarta ke fita. Muka janye buhunan da na jibge a kan ƙaramin gadon, muka kakkaɓe katifa muka kai ta rana. Ta ce labulen ɗakin ya koɗe, tana da ragowar yadi mai furanni, kafin yamma za ta haɗa wani. Na ce wane launi ne, ta ce irin wanda yara ke so. Na share ƙarƙashin gado da kaina, na tsinci wani ɗan takalmi guda ɗaya wanda yanzu ko yatsunta ba zai ɗauka ba. Na zauna a ƙasa riƙe da shi har Mai Ɗinki ta ce in tashi, aiki na jira.

Sai bayan azahar na tuna ban yi wa Yaya godiya ba. Na ɗaga kujerar da na yar, na zauna, na sake bin doguwar hanyar nan har na iso saƙonsa, na danna maɓallan mayar da amsa. A tsohon tsari, da ka danna kana kan farin fili, sai rubutu. Na fara: Yaya, Allah ya saka. Aku ya maimaita abin da na rubuta, amma ya haɗa shi da wata kalma da ba tawa ba. Na gane sabon tsarin ya jefa ni tsakiyar saƙon Yaya da ke maƙale a ƙasa, ina ta rubutu a cikin maganarsa. Na ja tsaki, na goge abin da na sa harafi bayan harafi don kada in ci nasa. Sannan na riƙa danna kibiyar dama, ɗaya bayan ɗaya, don in san a ina nake tsaye. In kana tafiya da kibiya, Aku ba ya karanta kalma, harafi yake kira.

Ya kira n, a, n. Ya ce fili. Ya kira y, ya kira a. Ya ce fili.

Na danna. Bai ce komai ba.

Na sake dannawa. Ya kira i.

Na tsaya. Na koma baya da kibiyar hagu. Shiru. Na ƙara komawa, ya ce fili. Na dawo dama, shiru, sannan i. Akwai harafi a wurin, kibiya tana taka shi, Aku ne ba ya faɗarsa. Da y ce da ya kira ta, yanzun nan ya kira 'yar'uwarta a cikin ya. Harafi mai lanƙwasa ne, kuma ba sai an tara malamai ba kafin a san wanne ke zama tsakanin ya da i.

Abin nan ya ƙi.

Na san halin Aku. Kullum ina cike masa gurbi ba tare da na yi tunani ba, ya ce anwata in ji ƙanwata, ya ce mun da e in ji mun daɗe. A saƙo ɗaya na cike biyu daidai, da na zo na ukun sai na cusa abin da raina ke so. Haushi ya turnuƙe ni har na rasa wanda zan fara da shi. Wanda ya ƙera murya bai ga damar koya mata haruffanmu ba? Yaya, da ba zai iya rubuta ki ba lanƙwasa kamar kowa ba ko sau ɗaya a rayuwarsa? Baffa, da ya zauna a kujerarsa ya yanke hukunci a kan gidan da bai taka ba tun ranar da ya ɗauke yarinyar? Na daki tebur da tafin hannu, Aku ya ce, "Maɓalli."

Ta bango ina jin keken Mai Ɗinki yana gudu a kan labulen.

Abin da ya fi ci mini rai, na san yadda labarin zai isa kunnen Baffa. Yarinya za ta fito da jaka, matarsa ta tambaya, a ce Mama ce ta ce. Shi kuma ya gyara zama ya ce, to kun gani, layi ɗaya aka rubuta mata ta karanta shi a juye. Da hannuna na miƙa masa sandar da zai doke ni. Na ɗauki wayar na ajiye. Na sake ɗauka. Na ce wa Ƙyalƙyal ban taɓa yi mata ƙarya ba, yanzu da wane baki zan fara?

Kwamfutar ta yi ɗan ƙaranta na shigowar sabon saƙo. Na ce ko Yaya ne ya ƙaro bayani. Na fita daga amsar, wata taga ta tare ni tana tambaya ko in adana abin da ban rubuta ba, na ce a'a, na sake ratsa maɓallan banza har akwatin saƙo, na hau sama da kibiya. Daga adireshin matar Baffa ne. Ƙyalƙyal takan ari wayarta ta rubuto mini, kuma kawunta ya koya mata rubutu, ita ma ba ta barin lanƙwasa.

Na rage wa Aku gudu har ƙasa, yadda ban taɓa yi ba tun ina koyo, sannan na danna Enta.

"Mama, na ha a kayana duka. Na wanke gwangwanin. Ban gaya wa kowa ba tukuna. Ina oki. Yaushe za ki zo ki auke ni? Taki, Yalyal."

Wannan karon ban kuskure ko harafi ɗaya ba.