Ƙwaryar Goggo Kadi

Hambali yana ɗaure ƙusa ta huɗu ke nan sai ya ji sallamar matarsa Delu a zaure. Bai ɗaga kai ba. Ya ƙara murɗa ƙusar sau ɗaya, ya ja wayoyi biyu daga bayan sifikar zuwa amfilifaya, akwatin nan mai ƙara wa rediyo murya, sannan ya maƙala kan batirin mota da ke ƙarƙashin tebur.

Shekara uku yana haɗa kayan nan ɗaya bayan ɗaya. Gyaran rediyo yake yi a kasuwar Gazawa, kuma duk garin an san babu ɗakin da kiɗa ke fita fes kamar nasa. Abu ɗaya ya hana shi sakat, muryar ganga. Ya sa sifikar cikin kwali, ta yi ta kakkarwa. Ya sa ta a bakin tulu, sauti ya fito kamar daga rijiya. Kafinta ya yi masa akwatin katako, shi ma bai gamsar da shi ba. Yau da safe, da Delu ta fita, ya shiga ɗakinta neman allura, idonsa ya faɗa kan babbar ƙwaryar da ke rataye a ragaya. Ya ƙwanƙwasa ta da yatsa, ta amsa masa da wata murya mai zurfi. Kafin azahar ya fafe gindinta da wuƙa daidai faɗin sifikar.

Ya danna kaset. Ganga ta fito cike, mai nauyi, har ya ji ta a ƙirjinsa.

"Delu! Zo ki ji abin da na daɗe ina gaya miki."

Delu ta tsaya a bakin ƙofa da ƙullin kuka a hannu. Ba ta ji komai ba, gani ta yi.

"Malam, ƙwaryar wa ce wannan?"

"Wadda ke ɗakinki."

"Na san ta ɗakina ce. Na ce ta wa ce?"

Ya rage muryar kaset ɗin. Ya san ta wa ce sarai. Goggo Kadi, Bafillatanar da ke kawo nono gidansu tun mahaifinsa Malam Sale na da rai, ita ta kawo ta ajiya wata bakwai da suka wuce, ranar da rugarsu ta tashi ta yi kudu neman ciyawa. Daminar shekarar tamanin da huɗu ba ta yi ba, gero ya bushe tun bai kai gwiwa ba. Kadi ta ce ƙwaryar ta mahaifiyarta ce, da ita aka kai ta ɗakin miji, ba za ta jure hanya ba. A gabansa ta miƙa wa Delu.

"Waɗanda suka tafi kudu nawa kika ga sun dawo?" ya ce. "Wata bakwai ko saƙo babu."

"Yanzun nan na rabu da ita a kasuwa."

Hambali ya kashe kaset ɗin.

"Ta rame har sai da ta kira sunana na gane ta. Ta ce in an yi la'asar tana nan tafe, akwai maganar ƙwarya." Delu ta ajiye ƙullin kukar a ƙasa. "Ni aka ba ajiya, Malam, ba kai ba. Ni za ta kalla."

Hambali ya kwance ƙusoshin da ya gama ɗaurewa, ya naɗe ƙwaryar da guntun da ya yanke cikin tsohon zane, ya fita.

Kasuwa ta cika, amma ba da masu saye ba. A gefen da ake sayar da dabbobi fatu sun fi dabbobin yawa. Ya wuce kai tsaye wurin Ɗanlami gyartai, mai ɗinkin ƙorai, wanda ke zaune gindin bishiyar bedi da basillarsa. Ɗanlami ya buɗe zanen, ya ɗaga ƙwaryar, ya leƙo Hambali ta cikin ramin da ido ɗaya.

"Wane jaki ne ya yi wannan aikin?"

"Ka dai duba ko za ta ɗinku."

"Tsagewa nake ɗinkewa, Hambali. Wannan yanka ne, kuma wuƙar ta ci baki, guntun ba zai zauna ba. In na ɗinka, sai dai a zuba gyaɗa, ita ma mai ɓawo. Nono kam ko cokali ba za ta riƙe ba." Ya shafa zanen da ke jikinta. "Irin wannan sassaƙar an daina ta. Ta fi ni shekaru. Ramukan ƙusa kuma na mi ne?"

Hambali ya naɗe kayansa.

"Ga shawara kyauta," in ji Ɗanlami, yana nuni da baki. "Dubi can."

Matan Fulani ne a jere, kusan ashirin, kowace da ƙoranta a gaba, manya da ƙanana, an goge su fes. Ba mai tayawa. Hambali ya bi layin a hankali. Ya ga wata mai girman ta Kadi, har ya tsuguna ya juya ta. Mai ita ta kawar da kai gefe, ba ta yi masa ciniki ba, ba ta ko dube shi ba. Ya yi tunanin ya saya ya ce gara ta ci waccan, ga madadi. Gara tana cin ƙwarya, kowa ya sani. Sai dai maganar za ta koma kan Delu, a ce ba ta iya ajiya ba. Ya mayar da ƙwaryar inda take, ya miƙe.

Da ya koma gida, ya ajiye ta Kadi a kan tabarma a tsakar gida, rufe da zanen. Ya yi la'asar bai san surar da ya karanta ba.

Kadi ta yi sallama rana ta fara sanyi. Hambali ya san ta mace ce doguwa mai tafiya kamar ba ta ɗauke da komai a ka. Yanzu da sanda ta shigo. Delu ta shimfiɗa mata tabarma, ta dama fura da ruwa zalla, don nono ya ɓace a garin. Aka gaisa, aka tambayi hanya. Kadi ta ce lafiya lau, kamar yadda mutanenta ke cewa ko da gawa a gabansu. Sai da Delu ta matsa mata, sannan ta ce shanu arba'in da ɗaya suka tafi da su, sun dawo da igiyoyinsu.

"Ɗan Sale, ka yi shiru," ta ce da Hambali. "Da can bakinka ba ya rufuwa. Kai ne mai satar man shanu a ƙwaryata kana ce mini kyanwa ce."

"Goggo, akwai abin da zan nuna miki."

Delu ta buɗe baki, ya ɗaga mata hannu. Ya ja zanen.

Kadi ta daɗe tana kallo. Ta jawo ƙwaryar kan cinyarta, ta bi bakin ramin da yatsa, ta taɓa ramukan ƙusoshi huɗun ɗaya bayan ɗaya.

"Ni na yi," ya ce. "Yau da safe. Delu ba ta nan, ba ta sani ba. Na ɗauka ba za ku dawo ba."

"Yunwa ce ta sa?"

"A'a."

"To mi ne ne?"

Ya ce rediyo ne, ya ce sifika tana son abu mai ciki don murya ta yi kauri. Yana faɗa yana jin maganar tana ƙanƙancewa a bakinsa.

"Sa in ji," in ji Kadi.

"Goggo, don Allah."

"Ka yanka ta saboda wani abu. Ina son in ji abin."

Ya ɗauko sifikar, ya jawo waya ta taga, ya ɗaura ta da ƙusa biyu. Ya shiga ya danna kaset ɗin ya fito. Ganga ta cika tsakar gidan, ta fi ta safe daɗi. Kadi ta ɗora tafin hannunta a bayan ƙwaryar, tana jin yadda take motsi. Ta bari har makaɗin ya kai ƙarshen baiti, sannan ta ɗauke hannun. Hambali ya ruga ya kashe.

"Tana da murya," ta ce. "Shekara sittin ban sani ba."

"Akwai sauran hatsi a rumbu, Goggo. Ki ɗauki abin da kike so. Ko in nemo miki wata, wadda ta fi ta."

"In zuba mi a ciki?"

Ta kwance bakin zanenta, ta fito da faifai sabo, ƙarami, mai saƙar ja da baƙi. Ta ajiye shi a gaban Delu.

"A hanya na saƙa. Ba karɓa na zo yi ba. Na zo in ce wa Delu ta riƙe ƙwaryar ta zama tata, tunda ni ba ni da saniya, ba ni da ɗiya mace. Mu ba mu ba da ƙwarya ba murfi." Ta dafa sandarta ta miƙe da ƙyar. "Amma ban san yadda ake ba mutum abin da ya riga ya ɗauka ba, Ɗan Sale. Ba a koya mini ba."

Delu ta raka ta har ƙofar gida, ta daɗe a can. Da ta dawo, ta tarar da Hambali tsugune inda ta bar shi. Ta sunkuya ta ɗauki faifan, ta kaɗe ƙurar da ke jikinsa, ta shige ɗakinta ta saki labule.