Ƙarfe Shida, Bayan Gidan Burodi

Fintan Rafferty ya goge takalminsa a bakin ƙofa kafin ya shigo, don ko ba komai mutum ne mai ladabi. Dympna Toner ta san shi tun yana yawo da majina, ita ce ma ta riƙe shi a coci ranar da aka yi masa baftisma. Yanzu shi ne bakin ƙungiyar 'yan bindiga masu yaƙar mulkin Ingila a unguwarsu ta yammacin Belfast, kuma duk gidan da ya shiga da rana tsaka, maƙwabta sukan rage muryar rediyo.

"Gwaggo, ba zama zan yi ba," in ji shi. Ya zauna, ya sha shayi, har da biskit biyu. "Gobe ƙarfe shida na yamma, lungun bayan gidan burodi. Ke za ki kawo ɗanki Malachy."

"Ƙafa nawa za a harba?"

"Biyu."

"Haba Fintan! Mota ce fa, kuma an same ta."

"A cikin kwata aka same ta, Gwaggo. Ta uku ke nan. Sau biyu ina ja masa kunne a gabanki, yana kallon silin."

Ba ta musa ba. A unguwar, ta 'yan Katolika zalla, babu mai kiran ɗan sanda ko da gidansa ake haƙawa. 'Yan sanda na Furotesta ne da Ingila, ba sa shigowa sai a motar sulke, don haka hukuncin ɓarayi ya koma hannun ƙungiya. Ita kuma ƙungiya ba ta da kurkuku, bindiga gare ta.

"A tsoka ko a ƙashi?" ta tambaya.

Fintan ya ɗaga kai ya dubi hoton mijinta Colm, wanda sojojin Ingila suka harbe a bakin titin nan shekara goma sha biyu da suka wuce.

"Albarkacin mahaifinsa, a tsoka. Ƙaramar bindiga za a sa. Wata biyu zai miƙe. Amma in har sai mun neme shi, ba ni da ta cewa."

Ta yi masa godiya. Bayan ya fita ta daɗe tana jin haushin kanta a kan godiyar nan.

* * *

Da safe maƙwabciyarta Concepta ta shigo da sandunan guragu a hammata. Sandunan sun zaga gida shida a layin, har an san su.

"Gajeren wando za ki sa masa, kada zare ya shiga ciwon," in ji Concepta. "Kada ya ci komai bayan sha biyu, don tiyata za a yi masa. Ƙwayar kashe zafi huɗu, ki bi da wiski kaɗan. Kada ki cika, in ya bugu wutsil-wutsil zai yi, su sami ƙashi."

"Motar asibiti fa?"

"Su ne ke kira in sun gama." Concepta ta gyara gyalenta. "Ranar ɗana Declan, minti arba'in ta yi. Sojoji suka tsare ta a shinge suna bincike, shi kuwa jini na zuba. Da ta zo da wuri da ba a yanke ƙafar ba."

Maganar nan ta zauna wa Dympna a rai. Tana wanke-wanke tana lissafin minti arba'in, tana guga tana lissafi. Ɗa ɗaya gare ta. Shekararsa sha tara, ba aiki, ba ya jin magana, kuma tana son sa kamar ranta.

Malachy ya sauko daga bene cikin gajeren wandon ƙwallo, ya juya a gabanta.

"Ya kika gani, Mama? Ango ya shirya."

"Rufe min baki, shashasha. Da ka ji magana da ba mu zo nan ba."

"Ai ke kika ce in riƙa cika alkawari."

Ya yi dariya, amma da ta miƙa masa kofin wiski sai da ya riƙe da hannu biyu.

"Mama, da zafi sosai?"

"Declan ya ce kamar ƙuna ce, daga nan ba ka jin komai." Ƙarya ta yi, Declan bai taɓa gaya mata komai ba.

* * *

Shida saura kwata suka fita, rana tana nan da sauranta. Ta riƙe hannunsa kamar ranar da ta fara kai shi makaranta. Mata a bakin ƙofofi suka gaishe ta da kai, wata ta ce, "Allah ya sa a yi a sa'a." A bakin lungun ta gyara masa kwalar riga, ta ce ya shiga ya kwanta rubda ciki ya jira, kada ya kalli fuskar kowa.

Ita kuma ta tsallaka titi, ta shiga rumfar tarho. Dabarar da ta yini tana saƙawa ke nan: in ta kira yanzu, kafin motar ta gama da shingayen sojoji an gama da Malachy, sai ta iso daidai lokaci.

"An harbi yaro a bayan gidan burodi," ta ce. "Ku hanzarta, don Allah."

Ranar ba a tsare motar ko'ina ba. Minti bakwai ta yi. Kuma da yake an ambaci harbi, motocin sulke biyu ne suka rako ta, abin da bai zo wa Dympna a rai ba ko sau ɗaya.

Daidai lokacin samari biyu masu rufaffiyar fuska suka shiga lungun. Mata suka fara buga murafun garwar shara a kan kwalta don gargaɗi, amma an makara. Ɗaya ya haura katanga ya tsira. Ɗayan, mai bindigar, sojoji suka danne shi, suka fizge hular da ya rufe fuska da ita. Ƙanin Fintan ne, Ruairi. Irin wannan kamu ɗaurin shekara goma sha biyar ne, kowa ya sani.

Malachy ya tashi yana kakkaɓe ƙasa daga cikinsa. Wani soja ya tambaye shi me yake yi a kwance, ya ce barci. Suka kwaɗa masa mari, suka kore shi.

Suka koma gida a ƙafa, shi da uwarsa, ta tsakiyar layi. Matan da suka gaishe ta ɗazu suna nan inda ta bar su. Babu wadda ta yi zagi. Ƙafafunsa kawai suke kallo, sannan su shige su rufe ƙofa. Mutum biyar aƙalla sun ga shigarta rumfar tarho.

* * *

Washegari Fintan ya zo, ya tsaya a waje.

"Na san ba da gangan kika yi ba, Misis Toner. Ni na sani. Na sama ba su sani ba, kuma ba su tambaya ba."

"Motar asibiti na kira, Fintan, wallahi ita kaɗai! Ga shi nan a ɗaki. Ku ɗauke shi yanzu. Ku yi a ƙashi, duka biyun, ni zan riƙe muku shi."

"Wannan ya wuce." Idonsa ya yi ja, da alama bai runtsa ba. "Wasu sun ce a ka za a harbe shi. Na roƙa. Ke an bar ki saboda Colm. Shi kuma awa ashirin da huɗu, ya bar ƙasar, kudu da arewa."

"Ina zai je? Ba mu da kowa."

"Akwai jirgin ruwa zuwa Ingila da sassafe."

"Ingila! Wurin waɗanda suka kashe ubansa za ku tura shi?"

"Can kowa ke tafiya." Ya juya, sannan ya waiwayo. "Ki gaya masa da kyau. Ko jana'izarki ce, kada ya zo."

* * *

A tashar jirgi ana yayyafi. Dympna ta cusa masa burodi da cuku a jaka, da adireshin wani Fada, limamin coci, da aka ce yana sama wa irinsu wurin kwana. Malachy bai yi barkwanci ko ɗaya ba tun shekaranjiya.

"Mama, ba laifinki ba ne."

"Ka riƙa zuwa coci. Kada ka taɓa motar kowa."

Kusa da su wata tsohuwa tana fama da akwati. Daga ƙaramar tutar Ingila da ke maƙale a rigarta Dympna ta gane 'yar wancan ɓangaren gari ce, ta bayan katangar da ta raba unguwar Furotesta da tasu. Malachy ya karɓi akwatin, ya saɓa a kafaɗa tare da jakarsa, ya hau doguwar matakalar jirgin bibbiyu-bibbiyu, bai tsaya hutawa ba.

Tsohuwar ta bi shi da kallo, ta dafa hannun Dympna.

"Ɗanki ne, 'yata? Kai, kin yi sa'a. Dubi yadda yake hawa, kamar ba kaya a kansa. Hutu zai je?"

"Aiki," in ji Dympna.

"Madalla. To, sai Kirsimeti ke nan za ki gan shi."

Dympna ta ce haka ne. Ta taimaka wa tsohuwar ta taka matakalar farko, sannan ta koma bayan shinge, inda masu rakiya ke tsayawa.