Jan Goyon Masara

Rana ta ɗan karkata, iska na kaɗawa da sanyi-sanyi, ganye ya yi ja a kan duwatsu, lokacin da na isa gidan Baba Absalom gayyar ɓarar masara. An tsiba ta a gaban rumbu, tsibin ya fi ni tsawo. Ni dai ba masara ce ta kawo ni ba. Jikarsa Tabita nake so tun bara, ban kuwa san ko tsohon zai ba ni ita ba. Mahaifiyata 'yar ƙabilar Ceroki ce, 'yan asalin ƙasar nan, shi kuma tsohon yana cikin dakarun sa-kai da suka ƙone garuruwansu shekara arba'in da suka wuce.

Aka raba mu gida biyu don a ga masu riga gamawa. Ni na faɗa tsakanin Baba Absalom da amininsa Baba Zebulon, wanda suka je yaƙin tare. Al'adarmu ce, saurayin da ya tsinci jan goyo a cikin tsibin, shi ke zaɓar wadda zai buɗe rawa da ita a gaban kowa. Ina ta ɓarewa ina leƙawa, duk fari.

"Ranar da muka haye kogin Tenesi," in ji Baba Absalom, "ni ne a gaba."

"A gaba kam," in ji Baba Zebulon. "Alfadari ne ya ja ka, kana riƙe da wutsiyarsa kana kiran babarka."

"Kai tsoho, wa ya tambaye ka?"

"Ka gaya wa yaran nan abin da ka harba a duk yaƙin."

"Duhun daji ne, na ji motsi."

"Saniyar kyaftin! Kwana uku muna cin nama muna yi wa Absalom godiya, kyaftin na neman wanda zai ɗaure."

Wurin ya kaure da dariya. Tabita da ke kawo ruwan tuffa sai da ta ajiye tulun ta riƙe ciki.

"Ai wautar ba tawa ce ni kaɗai ba," in ji Baba Absalom. "Aka ce mu sassare gonaki, mu cinna wa rumbuna wuta. Muka yi, garin farko har na ƙarshe. Da muka juyo gida, sai aka ce to me za a ci? Babu wanda ya tuna mu ma da ciki muka zo."

"Ɗanyar kabewa ba gishiri," in ji Baba Zebulon. "Na ga wannan mutumin yana tafasa igiyar takalminsa."

"Naka na tafasa. Nawa sabo ne."

Aka sake yin dariya, ni ma na yi, amma ba ta kai ciki ba. Mahaifiyata tana shekara shida a lokacin. Ta sha gaya mana yadda suka yi hunturun nan a kan dutse suna tonon saiwa.

Baba Absalom ya lura. Ya juya wani farin goyo a hannunsa, ya dube ni.

"Enok, wane gari ne na babarka?"

"Kowi, Baba."

"Kowi." Ya gyaɗa kai. "Mutanen sun gudu kafin mu iso, tukwane na kan murhu. Na shiga wani rumbu da bakin wuta a hannu, na ga masarar da ban taɓa ganin irinta ba, fara tas, a jere kamar haƙoran amarya. Na cika safata da ita, sannan na sa wutar. Na sa, ba zan ce ban sa ba."

"Muna mutuwa da yunwa, shi yana tafiya a kan abinci!" in ji Baba Zebulon. "Mu kuwa muna tausayin ɗingishinsa, ashe masara ce a safa."

"Iri ne, wa ke cin iri?" Ya nuna tsibin da haɓa. "Ita ce wannan. Shekara arba'in ina cin ta mutanenku. Ka cika wa babarka buhu in za ka tafi, ta san yadda ake sarrafa ta fiye da mu."

Na ce to. Maganar Tabita tana bakina ta ƙi fitowa. Tsibin kuwa sai raguwa yake, 'yan ɗaya ɓangaren suna ta yi mana ihu wai tsofaffi sun cinye mana lokaci da surutu.

Ina nan sunkuye sai na ji abu ya taɓa ƙafata. Takalmin Baba Absalom ne, ya turo wani goyo da aka ɗan yage bawonsa. Ta wurin yagewar na hango ja. Na ɗago kai, shi kuwa ya riga ya juya wa Baba Zebulon.

"Kuma ba alfadari ba ne, doki ne."

"Doki mai dogon kunne?"

Na ɓare shi a hankali, na ɗaga sama. Aka ɗau shewa, mai goge ya fara gwada tsarkiya. Tabita ta rufe fuska da gefen gyalenta, amma ta taho.

Na waiga in yi wa tsohon magana. Ya yi nisa, yana gardamar tsawon kunnen dokin.