Nonon da Liban Ya Sha

Kwana tara Sagal ba ta ci abincin kirki ba, kuma duk bakin surukarta ne ya jawo. Tsohuwar nan, Hajiya Ambaro, ta sauka Minneapolis a Amurka ke nan daga Garisa ta ƙasar Kenya, ana shan shayi da sambusa, sai ta dubi Sagal ta ce, "Allah ya jiƙan uwarki. A sansanin 'yan gudun hijira na Dadaab, da zazzaɓi ya kwantar da ni, ita ta shayar mini da ɗana Liban wata biyu cur."

Liban kuwa wan Warsame ne, mijin Sagal. Nan take wani kawunsu, mai karatun da bai wuce cikin cokali ba, ya dafe kai yana salati. Wai nono ya haɗa gidajen biyu, Sagal da Warsame wa da ƙanwa ne, aurensu ɓatacce. Shekara bakwai da aure, ga 'ya'ya biyu! A ranar, Warsame ya kwashi kayansa ya koma kwana cikin tirelar da yake tuƙawa.

Ran Talata bayan azahar su huɗun suka hau ofishin Shehi Guled a saman masallaci, inda yake raba gardamar aure da gado. Sagal ta zauna can nesa da mijinta. Kawu ya karɓe zancen, yana ta jawo Larabci.

Shehi ya ɗaga masa hannu, ya juya ga tsohuwar. "Inna, wa ya sha?"

"Liban."

"Warsame fa, ko sau ɗaya?"

"Ina! Ai sai bayan shekara huɗu na haife shi, lokacin mun bar wajen."

"Ke ma ba ki taɓa shayar da yarinyar nan ba?"

"Sai a hoton biki na fara ganinta."

Shehi ya cire tabarau ya dubi kawu. "To Alhaji, Liban ne mijinta?"



"Haramcin yana kan wanda ya sha, ba ya tsallakawa kan wa ko ƙane," in ji Shehi. "Liban ɗan'uwanki ne, 'yata, kin yi sabon yaya. Wannan kuwa mijinki ne, jiya da yau. Da kun zo tun ranar, da shayinku bai huce ba mun gama."

Sagal ta so ta yi godiya, kuka ya ci ƙarfinta. Daɗi ne ya kama ta. Hajiya Ambaro kuma ta huce a kan kawu: "Kai dai Allah ya shirye ka, da gemunka!"

A matakala Warsame ya tsaya yana jiranta, yana ta murza hularsa kamar sabon ango.

"Sagal..."

"Ka yi shiru," ta ce, ta kama hannun rigarsa tam. "Kwana taran nan ban san da wane suna zan kira ka a addu'ata ba."